Shekarun da Shehu Shagari Ba Ya Kan Kujera

Laccar da aka gabatar a Sheda, Ƙaramar Hukumar Kwali, Abuja

  

An nemi in yi magana a kan magidancin da ya riƙe iyalinsa, ya kuma yi wa jama'arsa hidima ba don an tilasta masa ba. Sunan da na zaɓa zai ba wasunku mamaki, domin Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, Allah ya jiƙansa, shugaban ƙasa aka san shi. Da an ambace shi sai a tuna doguwar hula, da gida da masara na tutar jam'iyyar NPN, da rukunin gidajen da har yau ake kira da sunansa a garuruwa da yawa. To amma shekara 93 ya yi a duniya, kuma shekara 4 da wata 3 kawai ya yi yana shugabancin Nijeriya. Ina ganin mun yi wa kanmu ƙwange da muka taƙaita tarihinsa a wannan ɗan tsakanin. Cikinmu nan da wuya a samu wanda zai yi shugaban ƙasa. Abin da ya yi a shekarun da ba ya kan kujera kuwa, kowane magidanci da ke zaune a nan zai iya yin irinsa daidai ƙarfinsa, kuma a nan nake so mu daɗe.

An haife shi ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari da ke kudu da birnin Sakkwato, garin da kakan mahaifinsa, Ahmadu Rufa'i, ya kafa. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari. Shehu yana da shekara 5 mahaifin ya rasu, sarautar gidan da nauyin iyali suka koma wuyan yayansa Bello. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. Yaron da zai zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa a tsarin shugaba mai cikakken iko maraya ne. A wancan zamani babu hukumar da ke ɗaukar nauyin marayu, babu ƙungiya mai rajista da ofis da mota. Gida ne ya riƙe shi. Kuma a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan an zo ɗibar yara makarantar boko, manyan gidansu suka bar shi ya tafi elemantare a Yabo a 1931, bayan ya fara karatun allo a gida.

Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan ɗan'uwansa ya san ba abu ne mai sauƙi ba. Kai za ka ci da shi, ka tufatar da shi, ka kwana asibiti da shi, in ya yi kyau a ce ɗan wane ne, in ya lalace a ce riƙonka ne. Matarka ma sai ta yi haƙuri, domin tukunyar da aka auna don mutum biyar yanzu ta bakwai ce. Amma da irin wannan riƙo aka gina yawancin mutanen da muke alfahari da su a Arewa. Saboda haka idan ana lissafin masu aikin sa kai, ni da yayye da baffanni da gwaggwanni masu riƙon marayu nake farawa, kafin in zo kan masu kaki da masu kwamiti. Sunan Bello bai shiga littattafan makaranta ba, amma ba don shi da ire-irensa a gidan ba, da babu wanda za mu yi lacca a kansa yau.

Daga Yabo ya wuce Midil ta Sakkwato a 1936, daga nan Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944, wadda ita ce ta gaji Kwalejin Katsina, daga baya kuma ta koma Zariya ta zama Barewa. Ya fito ya kama aikin malanta. Ya koyar da kimiyya a Midil ɗin da ta yaye shi, ya kuma yi hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950. A shekarun malantar ne ya rubuta Waƙar Nijeriya, wadda ya tsara don yara su san ƙasarsu, garuruwanta da kogunanta da al'ummominta, cikin harshen da suke ji. Malamin da ya zauna da dare yana ƙulla baitoci don darasi ya zauna a kan ɗalibi, ba albashi ne ya sa shi ba.

Siyasa ba zan daɗe a kanta ba. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan ya riƙe ma'aikatu daban-daban, ciki har da ta harkokin cikin gida daga 1962 zuwa 1965, sannan ta ayyuka. A 1962 ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

Sai daren 15 ga Janairu, 1966. Aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe, aka kashe Akintola a Ibadan, da ministan kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshin soja. Cikin kwana biyu mulki ya koma hannun Janar Ironsi. Mutumin da jiya yake minista, da direba da masinja da ɗan sanda a ƙofa, ya wayi gari ba shi da ofis, ba shi da jam'iyya, iyayen gidansa biyu na siyasa duk suna kabari. Shekararsa 40 da 'yan watanni. Ya tattara iyalinsa ya koma gida Sakkwato, ya koma gonarsa.

Mun ga yadda mutane ke yi idan kujera ta suɓuce musu. Wani ya kulle ƙofa ya daina zuwa ko jana'iza, don kada a gan shi ba rakiya. Wani ya tare a babban birni yana bin ofis-ofis ko za a tuna da shi. Wani kuma ya zauna a ƙofar gida yana zagin zamani har ƙarshen ransa. Shagari bai bi ko ɗaya ba. A 1967 ya karɓi aikin sakataren wata gidauniya ta sa kai da aka kafa don raya ilmi a Lardin Sakkwato. Masu rubuta tarihinsa sun kawo cewa cikin ɗan lokaci gidauniyar nan ta gina makarantun firamare sama da 100 da sakandare 3, da gudummawar mutanen lardin.

Don a gane nauyin wannan aiki, sai an tuna yadda ƙasar take. Lardin Sakkwato na wancan lokaci shi ne yau ya zama jihohi uku, Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da masarautun Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri a cikinsa. Ƙasa ce mai faɗi, mai tsohon ilmin addini tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u, amma a karatun boko tana cikin na baya ko a Arewa. Jihar Yamma ta Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta tun 1955. Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta kawo nata shirin na UPE ba sai 1976. Ga shi rikicin 1966 ya sa ɗimbin ma'aikata 'yan Kudu, akawuna da makanikai da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya, sun bar Arewa, kowa ya ga giɓin da idonsa. A watan Yuli na 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke, kuɗin gwamnati ya koma sayen makamai. A irin wannan hali, wanda ya ce zai jira gwamnati ta gina wa ƙauyensu makaranta, sai dai jikansa ya shiga ajin. Mutanen Sakkwato suka ce ba za su jira ba, tsohon minista kuma ya yarda ya zama mai riƙe musu littafi.

Wanda bai taɓa yin sakataren gidauniya ba yana ɗauka muƙami ne. Ku tambayi duk wanda ya taɓa tara kuɗin gyaran taransifoma a unguwarsu. Kai ne za ka je gidan mai kuɗi a ce yana barci, ka koma a ce ya fita. Kai ne za ka saurari wanda ya yi alkawarin buhun siminti goma a gaban jama'a, aka tafa masa, har yau ko ɗaya bai kawo ba. Kai ne za ka sasanta unguwanni biyu da kowace ke son a yi ginin a wajenta. In magini ya ci kuɗi, kai ne ɓarawo. In aiki ya yi kyau, ranar buɗewa wani ne zai yanke ƙyalle, kai kana can baya kana ƙirga kujerun haya. Wanda ya saba a kawo masa fayil ya sa hannu, in ya yarda ya koma wannan matsayi, to ya yi nasara a kan girman kansa, kuma ni a wurina wannan nasarar ta fi ta zaɓen 1979 wuya. Zaɓe jam'iyya ce ta yi masa, da kuɗinta da 'yan kamfen ɗinta. Wannan kuwa daga shi sai halinsa.

Akwai wani abu da ya haɗa tarihin nan da ƙasar da muke zaune a kanta. Da Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayu na 1967, an haɗa Lardin Sakkwato da Lardin Neja aka yi Jihar Arewa maso Yamma, hedikwatarta Sakkwato, gwamnanta Usman Faruk. Ƙasar Kwali a lokacin tana ƙarƙashin masarautar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, a cikin Lardin Neja. Wato dattawan Sheda da suka haura shekara 60 sun taɓa zama 'yan jiha ɗaya da mutanen Shagari, kuma a gwamnatin wannan jiha ya yi kwamishina kafin Gowon ya kira shi Legas a 1970 ya ba shi aikin farfaɗo da ƙasa bayan yaƙi, sannan a 1971 ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi. Ba baƙo nake ba ku labarinsa ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na zo wanke gwamnatin NPN. Ban zo ba. Sananne ne cewa shi kujerar sanata ya so, abokan siyasa suka tura shi takarar shugaban ƙasa, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979, tare da mataimakinsa Alex Ekwueme. Gwamnatinsa ta yi abubuwan da suka tsaya: jami'o'in fasaha irin na Minna da Bauchi da Yola da Akure da Owerri, da gidaje masu sauƙin kuɗi, da tura aikin ginin Abuja gaba har aka yi bikin 'yancin kai na 1982 a nan. Amma a zamaninsa ne aka harbe manoma a Bakolori a 1980, a jiharsa ta haihuwa, saboda sun nemi diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. A zamaninsa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, aka kai shi Chadi aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo da shi. A watan Janairu na 1983 aka kori baƙi sama da miliyan 1, yawancinsu 'yan Ghana, cikin 'yan makonni, da mata da yara a kan hanya. Lasisin shigo da shinkafa ya zama hanyar azurta 'yan jam'iyya, zaɓen 1983 kuma ya bar ƙorafin maguɗi a jihohi da yawa. Hukuncina shi ne, haƙurin da ya sa ya dace da aikin gidauniya, shi ne ya yi masa yawa a fadar shugaban ƙasa, inda ake bukatar wanda zai tsawata wa na kusa da shi. Mutumin kirki ne da bai iya hana mutanensa ɓarna ba. Faɗin haka bai rage komai daga abin da ya yi a 1967 ba, kuma ɓoye shi zai sa matasan da suka karanta tarihi su daina yarda da sauran maganata.

A nan Abuja juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 ya same shi, a daren da Birgediya Ibrahim Bako ya rasa ransa. Aka tsare shi har 1986. Kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya bincike shi bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba, duk da haka aka hana shi siyasa, aka mayar da shi garin Shagari aka yi masa ɗaurin talala. Karo na biyu ke nan da soja suka raba shi da kujera, karo na biyu kuma da ya koma inda aka binne cibiyarsa ya zauna cikin danginsa. Akwai manyan da in an ce su koma ƙauyensu su zauna, hukuncin ya fi kurkuku tsanani, domin sun daɗe da yanke zumunci, ba su san wanda ya mutu ba, ba su san wanda aka haifa ba. Wanda zai iya komawa gida sau biyu a karɓe shi, to bai taɓa barin gidan da zuciyarsa ba.

Iyalinsa ma sun biya nasu kason. Babban ɗansa, Muhammad Bala, kyaftin ne a soja lokacin juyin mulkin, aikinsa na soja kuma a nan ya tsaya. Matansa ba su yi fice a bainar jama'a ba ko a lokacin da yake mulki. Ofishin uwargidan shugaban ƙasa da muka sani yau sai a zamanin Maryam Babangida ya yi ƙarfi. Sun yi zaman Legas, sun yi zaman jiran wanda ke tsare, sun yi zaman ƙauye. Hajiya Hadiza, wadda ta rayu bayansa, a nan kusa da mu ta rasu, a cibiyar killace masu cutar korona ta Gwagwalada, ranar 12 ga Agusta, 2021. Allah ya jiƙanta.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so magidanta su ji, ko da ba zai yi daɗi ba. Duk awa ɗaya da namiji ya ba jama'a, daga gidansa ya ɗebo ta. Duk naira ɗaya da ya jefa a gidauniya, daga kuɗin cefane ta fito. Saboda haka aikin sa kai ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne gaba ɗaya, ko an shawarci mutanen gidan ko ba a shawarce su ba. Muna da mutane, kuma kun san su, waɗanda a waje ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Su ne sahun gaba a ɗaurin aure, su ne masu ɗaukar makara, su ne masu sasanta ma'aurata. Amma da sun yi sallama a gida yara sai su watse, uwargida ta shiga taitayinta. Yana shugaban kwamitin iyaye da malamai, bai san ajin da 'yarsa take ba. Ya kai maƙwabci asibiti da tsakar dare, matarsa kuwa ta yi wata uku tana cewa ƙirjinta na ciwo yana ce mata ta sha jiƙo. Irin wannan mutum ranar da ya rasu gari zai cika maƙabarta, 'ya'yansa kuma su tsaya suna sauraron yabon wani mutum da ba su taɓa zama da shi ba.

Malamanmu na nan, sun fi ni sanin abin da aka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, game da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake taya iyalinsa hidimar gida, har ɗinkin tufarsa da gyaran takalminsa, alhali al'umma guda na wuyansa. 'Yan'uwanmu Kirista ma a coci ana koya musu cewa wanda bai iya riƙe gidansa ba, ba a ba shi riƙon jama'a. Ba cewa nake a bar aikin gari a zauna a ɗaki ba. Cewa nake a nemi yardar gida kafin a fita, a gaya wa uwargida inda kuɗin ya tafi, a riƙa tafiya da yaro wurin aikin gayya ya ga abin da ke hana babansa zama. Yaron da ya riƙe wa ubansa kwanon siminti ranar da ake gyaran ajin makaranta ba zai tashi yana jin haushin makarantar ba.

Iyayenmu mata, ban manta da ku ba, ko da yake a kan magidanci aka ce in yi magana. Lokacin da aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020, manyan jami'ai ne suka yi jawabi. Amma mata ne suka bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a rana, ana rufe musu ƙofa, ana zaginsu, har aka harbe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano a watan Fabrairu na 2013. A unguwanninmu kuma, ungozoma da mai wankan gawar mata da wadda ke dafa wa gidan makoki abinci kwana uku, ba a taɓa kiransu an ba su takardar yabo ba.

To, mu dawo Sheda. Garin nan yana da wani abin alfahari da ba kowane gari ke da shi ba. A nan hedikwatar NERDC take, hukumar da aka kafa a 1988, wadda ke tsara manhajar da kowane yaro ke karantawa daga Sakkwato har Kalaba. A nan cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta SHESTCO take. Ga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali a kusa. Ƙasar nan ce ta haifi Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, macen da ta koyi ginin tukwane a gida wurin danginta kafin duniya ta san ta. Masana na shigowa garin nan kowace safiya daga Gwagwalada da cikin birni, su yi aiki su koma. Amma ku bar bakin titin Lakwaja ku shiga ƙauyukan da ke bayanmu, ku leƙa makarantun firamare. Za ku ga ajin da iska ta yaye wa kwano tun daminar bara, da yara a zaune a ƙasa, da makarantar da ba ta da makewayi, abin da ke sa 'yan mata da sun fara girma su daina zuwa. A 2025 malaman firamare na Abuja sun yi sama da wata 3 suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi, 'ya'yan talakawa na gida, 'ya'yan masu hali na makarantun kuɗi. Garin da ake rubuta wa ƙasa manhaja bai kamata a same shi a wannan hali ba.

Na san abin da wani zai ce: ai wannan aikin gwamnati ne, muna biyan haraji, ga dokar UBE tun 2004 ta ce ilmin farko kyauta ne kuma dole. Gaskiya ne, kuma ban yarda aikin gayya ya zama hanyar da hukuma za ta sauke nauyinta a kan talaka ba. Albashin malami ba aikin gidauniya ba ne. Amma na lura da abu ɗaya: jama'ar da ta sa kuɗinta da guminta a makaranta ita ce ke da bakin zuwa sakatariya ta buga tebur. Wanda ya sayi benci shi ke tambayar inda malami ya tafi ranar Laraba. Waɗanda ba su taɓa sa ko bulo ɗaya ba, su ne ke wucewa ta gaban makarantar kullum ba su ko waiwaya. Kuma yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya yana aji uku ba har a gama gardamar wanda ya kamata ya yi rufin.

Muna da mutanen da za su yi. 'Yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suna nan, 'yan Boys' Brigade na coci suna nan, ga 'yan sintiri da ke kwana a waje don mu yi barci, a shekarun nan da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan Kwali da Kuje da Bwari. Ga masu haƙar kabari da ba a san su ba sai ranar da aka bukace su. Ga 'yan fansho, tsofaffin malamai da akawuna da injiniyoyi, waɗanda suka bar aiki da lafiyarsu da iliminsu, suna zaune a ƙofar gida daga hantsi har la'asar. Da su nake musamman. Shagari yana tsohon minista ya riƙe littafin gidauniya; ban ga dalilin da zai sa tsohon darakta ya ji ya fi ƙarfin zama sakataren kwamitin makarantar unguwarsu ba. Abin da ke kashe irin wannan aiki a wurinmu sananne ne: a tara kuɗi ba rasit, ma'aji ya zama shi ne shugaba shi ne mai sayayya, ɗan siyasa ya shigo ya mayar da taron na jam'iyyarsa, ko a ware Gbagyi da Bassa da Ganagana gefe guda, Hausa da Fulani gefe guda, alhali 'ya'yansu benci ɗaya suke zama. Duk gidauniyar da ba a karanta lissafinta a bainar jama'a ba, ba ta kai shekara biyu.

Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018. Washegari aka kai shi garin Shagari aka binne shi cikin danginsa. Ya bar littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2001, ga titi da sunansa a tsakiyar Abuja, ga kwalejin horar da malamai da sunansa a Sakkwato. Allah ya gafarta masa, ya gafarta wa iyayenmu da suka riƙe mu.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai da fastoci da ke wannan zaure shi ne, kafin a tafi hutu na gaba, kowace unguwa ta tura mutum uku, cikinsu har da mace, su je makarantar firamaren da 'ya'yanta ke zuwa, su zauna da hedimasta, su rubuto abin da ya lalace da abin da zai ci. A karanta takardar a masallaci ranar Juma'a, a karanta a coci ranar Lahadi, a kai kwafi ɗaya sakatariyar Kwali. Abin da ya fi ƙarfinmu mu bi shi a can har sai an yi. Abin da bai fi ƙarfinmu ba, a sa rana a fito da cebur da kwano. Magidanci kuma, kafin ya rubuta sunansa a cikin masu fitowa, ya shiga gida ya shawarci iyalinsa tukuna.